Labarin Masu Renon 'Ya'yan Babban Gizo-gizo a Ƙasashen Turawa

  

A cikin watan Yuni na shekarar 2025, ma'aikatan kwastan na filin jirgin saman birnin Kolon, a ƙasar Jamus, suka tare waɗansu kwalaye da suka fito daga ƙasar Biyetnam. A bisa takarda an ce kayan zaƙi ne na fulawa, nauyinsu wajen kilo 7. Wari ne ya tona asirin, gama abin da ke bugun hanci daga kwalayen bai yi kama da ƙanshin abin da a ke toyawa da sukari ba. Da aka buɗe, sai ga 'yan mazubai na roba jibge, kowanne da ɗan gizo-gizo guda a ciki, jimlarsu wajen 1,500. Da yawa sun riga sun mutu a hanya, waɗanda suka rage kuwa aka miƙa su ga masu sanin kiwonsu. To, mai karatu ya iya tambaya: wane ne zai biya kuɗin jirgi a kawo masa abin da uwargida ke sharewa da tsintsiya daga kusurwar ɗaki? Amsa ita ce, a Jamus da Ingila da Amurka da waɗansu ƙasashe akwai mutane dubbai da su ke renon wannan halitta a ɗakunansu don sha'awa, kamar yadda waɗansu a Kano ko Damagaram ke kiwon tantabaru.

Wannan gizo-gizo ba irin na kusurwar ɗaki ba ne, ba kuwa tautau ɗin da mutane suka sani ba. Turawa suna kiransa tarantula, Larabawa kuwa rutaila. Sunan Turancin ya samo asali daga Taranto, wani gari a kudancin Italiya, inda mutanen dā suka ɗauka cewa wanda wani gizo na can ya ciza ba shi da magani sai ya yi ta rawa har ya faɗi. Da Turawa suka tsallaka teku suka tarar da manya-manyan gizo-gizo masu gashi a Amurka ta Kudu, sai suka laƙaba musu sunan, ko da ya ke ba dangi ɗaya ba ne da na Italiya. Masana sun ƙidaya fiye da iri 1,000, a Amurka da Afirka da Asiya da Ostareliya. Mafi nauyinsu yana dazuzzukan Benezuwela da Guyana da arewacin Barazil. In ya miƙe ƙafafu ya kan kai santimita 28, watau ya fi taƙin babban mutum. Idanunsa takwas, amma ganinsa kaɗan ne, da motsin ƙasa da na iska ya ke gane abin da ke kusa da shi. Ba ya kafa yana a sarari don tarko. Galibi rami ya ke haƙawa, ko ya shiga kogon itace, ya shafe bangon da zarensa, ya zauna a bakin ƙofa da dare yana jiran abin da Allah zai koro masa. Almajirin da ya karanta Suratul Ankabut ya san abin da aya ta 41 ta faɗa game da raunin ɗakin gizo; wannan kuwa, da girmansa da fiƙoƙinsa, jikinsa ma mai rauni ne, gama in babba ya faɗo daga hannun mutum zuwa daɓe, cikinsa na iya fashewa ya mutu.

Wanda ya fara wanke wannan halitta daga zargi a Amurka wani malamin jami'ar Arkansas ne, William Baerg, wanda ya kama aikin koyarwa a can a 1918. Ya yi shekaru yana kiwonsu yana rubuta abin da ya gani, har ya sa wani ya cije shi da gangan don ya san iyakar dafin. Ya tarar irin na ƙasarsu zafin cizonsa bai wuce harbin zuma ba, ya kuma tarar ɗan gizon ya kan yi wajen shekara goma kafin ya balaga. Littafinsa a kan wannan ya fito a 1958. Daga shekarun 1970 aka fara ganinsu a kantunan sayar da dabbobi, bayan haka masu kiwo suka kafa jam'iyyu a Ingila da Amurka, suna buga mujalla, suna taruwa kowace shekara a yi baje koli. Dalilin sha'awar ba boyayye ba ne ga wanda ya san zaman ƙasashen. Mutum yana cikin ɗan ɗakin haya a saman bene, ba tsakar gida, ba turke, maƙwabci ba ya ɗaukar haushin kare. Ga kuwa dabbar da ba ta kuka, ba ta wari, ba ta neman a kai ta kiwo, abincinta na mako bai cika cokali ba. Sai dai ba ta san ubangijinta ba, ba kuwa za ta san shi ba ko da ya shekara ashirin yana ciyar da ita. Masu gaskiya daga cikinsu ba su musun wannan. Kallo su ke so, da sanin halinta.

Sayen babba da ya riga ya girma ba shi ne gwaninta a wurinsu ba. Gwaninta ita ce reno tun daga ƙwai. Bayan barbara da 'yan watanni, uwar ta kan saƙa shimfiɗa ta zare, ta zuba ƙwayayenta a kai, ta naɗe su dunƙule kamar curin auduga, ta riƙe da fiƙoƙinta tana jujjuyawa don kada ƙwan ya manne wa juna. A wannan lokaci ba ta cin abinci sosai, ba ta kuwa son a dame ta; in aka cika buɗe mata ɗaki, ko ta ji ƙwan ya lalace, ta kan cinye shi gaba ɗaya, wahalar shekara ta tafi a dare guda. Saboda haka waɗansu masu kiwo su kan ƙwace curin bayan kamar wata guda, su farke shi a hankali, su zuba ƙwan bisa ɗan kyalle a saman ruwa don laima ta riƙa tasowa. Yawan ƙwan ya danganta ga iri. Waɗansu hamsin ne ko ɗari, amma akwai wani babban iri na Barazil mai jan gashi-gashi wanda curinsa guda ke fid da fiye da dubu. Abin da ke fara fitowa ba ya kama da gizo, ƙwai ne kawai da 'yan ƙafafu a jiki, ba ya tafiya, ba ya ci, da abin da ke cikinsa ya ke rayuwa. Sai ya yi saɓa sau ɗaya, ya sake yi, sa'an nan ya zama ɗan gizo sosai, girmansa kamar ƙwayar dawa ko farcen ƙaramin yatsa.

Nan aiki ke farawa. Daga ranar da suka soma cin abinci ba zumunci tsakaninsu, mai ƙarfi ya kan cinye ɗan'uwansa. In aka bar ɗari uku a mazubi ɗaya, bayan wata biyu sai a tarar da kaɗan, sun yi ƙiba. Tilas a raba kowa da ɗakinsa. Ɗakin kuwa ɗan kwalba ne na roba irin na ƙwayar magani, a huda murfin da gefen da allura. Hujin ya zama ƙarami ƙwarai, gama duk inda kan ɗan gizon ya shiga, sauran jikinsa zai bi. Sabon shiga ya kan ji tausayi ya ba shi babban akwati, wannan kuwa kuskure ne: a wuri mai faɗi ba ya haɗuwa da abincinsa, mai shi ma ba ya ganinsa balle ya san halin da ya ke ciki. A kan cika kwalbar zuwa rabi ko fiye da garin ɓawon kwakwa ko ƙasa mai tsabta wadda ba a zuba wa taki ko maganin ƙwari ba. Mai haƙa rami a ba shi ƙasa mai zurfi, a fara masa ɗan huji da tsinke; mai hawan itace a jingina masa ɗan ɓawon itace a tsaye.

Abin da ya fi kashe ƙanana shi ne sha'anin ruwa, ta fuska biyu. Babban gizo yana da wani maiƙo a bayan fatarsa mai hana ruwan jiki fita, shi ya sa waɗansu ke zaune a hamada. Ɗan ƙarami bai gama samun wannan ba, in ƙasar ta bushe ƙayau zai iya mutuwa cikin 'yan kwanaki. In kuma aka jiƙe ta sharkaf, iska ba ta ratsawa, sai funfuna ta tashi, ƙananan ƙwari su yi yawa, numfashi ya gagare shi, gama huhunsa huɗu a ƙarƙashin cikinsa su ke, dab da ƙasar. Abin da gwanaye ke yi shi ne su ɗiga ruwa a gefe guda ya gangara ƙasa, saman ya sha iska, ɗan gizon ya zaɓi inda ya ke so da kansa. Zafi kuwa tsakanin digiri 24 da 28 ya ishi yawancinsu. Mutanen ƙasashen sanyi su kan ɗumama ɗakin duka, ba su ɗora kwalba a kan abin ɗumi, ba su kuwa ajiye ta a taga, gama rana ta sa'a guda ta isa ta dafa abin da ke ciki. Akwai alama da kowane mai kiwo ke tsoro: gizon ya dunƙule ƙafafunsa a ƙarƙashin jikinsa. Sababin wannan abin mamaki ne. Gizo-gizo yana da tsokar lanƙwasa ƙafa, amma miƙe ta da ƙarfin jini ya ke yi, yana tura shi cikin ƙafar kamar yadda ruwa ke miƙe tiyo. In ruwan jikinsa ya ƙare, ba abin da zai miƙe ƙafar. Wani lokaci ɗigon ruwa a bakinsa ya kan dawo da shi, wani lokaci kuwa an makara.

Abinci ƙwari ne, amma ina za a samo ƙwaron da ya fi ƙwayar dawa ƙanƙanta a tsakiyar hunturun Jamus? Sai ya zamana mai kiwon gizo ya zama mai kiwon abincin gizo. Suna renon waɗansu ƙananan ƙudaje marasa tashi, da jariran gyare, da waɗansu irin kyankyaso, da tsutsar gari. Ka'idar ita ce kada abincin ya fi cikin ɗan gizon girma. Wanda ba shi da ƙanana ya kan yanka tsutsa gunduwa-gunduwa, ko ya tsinke cinyar gyare ya ajiye a bakin ramin, gama ƙananan ba su ƙin mushe. Sau ɗaya ko biyu a mako ya isa. Gizon ba ya tauna. Ya kan soka fiƙa, ya zuba wa naman wani ruwa daga cikinsa mai narkar da shi, ya tsotse, ya dunƙule ƙashin da ya rage ya kai gefe ya yar. Kashegari mai shi ya zo da ɗan hantsaki ya ɗauke wannan da duk abin da ba a ci ba. Ba su kamo ƙwari daga lambu, don tsoron maganin feshi. Yanzu mai karatu ya lissafa: mutum yana da kwalba 400, kowacce sai an buɗe, an duba, an ɗiga ruwa, an sa abinci, an rufe kafin mai ɗakin ya tsere, gama waɗansu suna da saurin da ido ba ya bi. Abin da aka ce ba shi da wahala ya cinye wa mutum yammacin Asabar da Lahadi duka.

Babban al'amari a rayuwar ɗan gizon shi ne saɓa. Ƙashinsa a waje ya ke, fatar ba ta miƙewa, ba shi da hanyar girma sai ya tuɓe ta. Ƙarami ya kan yi wannan duk wata ɗaya ko biyu, in ya girma tazarar ta yi nisa, har babbar mace ta koma sau ɗaya a shekara ko ƙasa da haka. Kafin ranar ya kan daina ci, cikinsa ya kumbura ya yi baƙi yana ƙyalli, ya toshe bakin raminsa da ƙasa da zare. Nan a ke gane mai haƙuri. Sabon shiga ya ga mako uku bai ga dabbarsa ba, sai ya sa tsinke ya tone ramin don ya duba lafiya, ya kashe ta da hannunsa. Wani kuma ya tashi da safe ya ga gizonsa kwance rigingine, ƙafafu sama, ya ce ya mutu, ya zuba shi a shara, alhali haka a ke kwanciyar saɓa. Fatar baya ta kan ɗage kamar murfin tukunya, gizon ya yi ta zare ƙafafunsa takwas ɗaya bayan ɗaya daga tsohuwar riga, ƙarami cikin ƙasa da sa'a, babba wuni guda. Ba fatar waje kaɗai ya ke tuɓewa ba, har da ta fiƙoƙi da ta maƙogwaro da ta cikin huhu. In ya fito, jikinsa laushi kamar danƙo, fiƙoƙinsa farare fat, daga baya su yi ja, sa'an nan su koma baƙi. Kafin su yi baƙi ba a ba shi abinci: ƙarami kamar mako guda, babba mako biyu. In aka manta da gyare mai rai a cikin kwalba a wannan lokaci, sai reshe ya juye da mujiya, abincin ya cinye mai ci. A cikin wannan wahala akwai wata rahama da Allah ya yi wa wannan halitta: ƙafar da ta guntule ta kan tsiro a saɓa ta gaba, siririya, bayan saɓa biyu ko uku ta daidaita da sauran.

Mai kiwo na ƙwarai yana da littafi kamar na ɗan kasuwa. A jikin kowace kwalba akwai sunan irin da lamba, a littafin kuwa ranar ci da ranar ƙi da ranar saɓa. Sunayen da harshen Latin su ke, don kada Bajamushe da mutumin Foland su yi ciniki a kan abu biyu suna tsammani ɗaya ne. Tsohuwar fata ma ba a zubarwa, gama a cikinta a ke karanta amsar tambayar da ta fi damun mai shi: namiji ne ko mace? A jiƙa ta, a buɗe ta ƙarƙashin madubin ƙara girma, in an ga wata 'yar jaka tsakanin huhun gaba, mace ce. Bambancin ba ƙarami ba ne. Namiji in ya balaga ya gama saɓa, abinci ya fita ransa, ba abin da ya ke yi sai yawon neman mace, cikin shekara ɗaya ko biyu ya mutu. Mace kuwa ta irin Meksiko mai jan gwiwa ta kan kai shekara 20, wata har 30. Wanda ya sayi ɗan ƙarami a fam kaɗan bai san wanne ya saya ba, shi ya sa su kan sayi uku ko biyar tare. Balagaggiyar mace ta irin da ba a cika samu ba kuwa ta kan wuce fam ɗari. Saurayin da ya kawo kwalba gida yana ɗan makaranta zai iya aurar da 'yarsa gizon na nan. Wata 'yar'uwarsu ta nesa, mai rami da murfi, wadda masaniya Barbara York Main ta fara lura da ita a dajin yammacin Ostareliya a 1974, ta rayu shekara 43 a rami guda, ta mutu a 2016.

Batun haɗari fa? Ba a tabbatar da mutumin da dafin tarantula ya kashe ba, amma wannan bai sa ta zama abin wasan yara ba. Galibin na ƙasashen Amurka suna da wani gashi a bayan cikinsu mai ƙaya-ƙaya, in an tsokane su sai su karce shi da ƙafar baya ya tashi cikin iska. A fata kamar ƙaiƙayin gero ya ke, a ido kuwa masifa ne. A 2009 likitocin ido a birnin Lids na Ingila suka duba wani mutum da idonsa ya yi mako uku ja, magani ya ƙi ci. Da suka sa madubi sai suka ga 'yan gasu sun nutse cikin ƙwayar idon, sa'an nan ya tuna ranar da ya sunkuya yana goge akwatin gizonsa. Na Afirka da Asiya ba su da wannan gashi, sai aka ba su sauri da zafin rai da dafi mai ƙarfi, wanda ke sa ciwo mai tsanani da ɗaurewar jijiyoyi na kwanaki. Daga cikinsu akwai na Afirka ta Yamma da masu kiwo suka sani sarai. Ɗaya mai launin toka da zane baƙi a baya, mazaunin itatuwa a Togo da Gana, da sunan Togo ma a ke tallarsa a Turai. Wani mai gashi a ƙafa kamar gashin tsuntsu yana zaune a kan itatuwan kwakwar manja. Akwai kuma wani ja-ja na Kamaru mai haƙa rami da zurfi, wanda in an matsa masa ya kan faɗa ruwa ya nutse. Turawa suna kiran na Afirka da sunan gwaggon biri, wai ƙafafunsu sun yi kama da yatsunsa. Tsofaffin hannu ba su yarda sabon shiga ya fara da waɗannan, su kan ce ya fara da na Meksiko ko Barazil ko Cile masu sanyin hali.

Malamai za su so a duba al'amarin ta fuskar shari'a, kuma ba sabon babi ba ne. Littattafan Musulunci ba su ƙyale ƙananan halittu ba; Damiri, wanda ya rasu a 808 ta Hijira, ya ba gizo-gizo babinsa a cikin Hayatul Hayawan. Game da tsare dabba, hadisai biyu sanannu su ne madogara. Na farko labarin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda ya ke da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ba, har ya tambaye shi labarin tsuntsun bayan ya mutu. Daga nan malamai suka fid da halaccin ajiye tsuntsu. Na biyu labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuwa sake ta ta nemi abincinta ba. In an haɗa biyun, abin da ya fito shi ne wanda ya rufe rai ya ɗauki nauyin cinsa da shansa. Ɗan gizon da ke cikin kwalba ba ya kuka in ya ji ƙishirwa, ba ya kartar ƙofa kamar kyanwa. Mantuwa da shi ta fi sauƙi, saboda haka nauyin ya fi buƙatar tsaro. Batun ciniki kuwa ya fi wuya. A cikin Muhtasar na Halil an sharɗanta abin sayarwa ya zama mai tsarki, mai amfani, wanda ba a hana ba, wanda kuma a ke iya miƙawa. Malaman fiƙihu da yawa sun hana sayar da ƙwari saboda rashin amfani, suka keɓe irin su tsutsar alharini da matsattsaku na tsotsar jini. Ko kallo da nazari sun isa a kira su amfani, kamar yadda a ke sayen tsuntsu don murya ko launi, wannan hukunci ne da ke hannun ma'abota fatawa.

'Yan kasuwa kuwa, ga inda maganar ta shafe su. Jinkirin girman nan da ya sa gizon ya zama abokin zaman shekara ashirin, shi ne ya sa kamo shi daga daji ya ke ɓarna. Wanda ya tono babbar mace daga raminta ya ɗauke abin da ƙasa ta yi shekara goma tana renonsa, tare da duk ƙwan da za ta yi nan gaba, daji kuwa ba ya mayar da gurbin da wuri. Haka aka yi wa mai jan gwiwa na Meksiko, aka yi ta kwasarsa dubu-dubu, har a 1985 aka sa shi cikin yarjejeniyar nan ta ƙasashen duniya mai suna CITES, wadda aka ƙulla a Washinton a 1973 don tsare cinikin namun daji. Bayan shekara goma aka haɗa da sauran danginsa, a 2019 kuma aka ƙara da masu ado na Indiya da Siri Lanka, waɗanda ɗaya daga cikinsu, shuɗi kamar an tsoma shi a baba, ba a san shi ba sai a waɗansu 'yan dazuzzuka na Indiya. Abin da ke cikin wannan jeri ba ya ƙetare iyaka sai da takardar izni daga ƙasar da ya fito. Nijeriya da Nijar da Gana duk suna cikin yarjejeniyar, babbar baƙar kunamar nan ma da a ke fitarwa daga Gana da Togo da Binin tana cikin jerin tun 1995. Wani bincike da aka buga a 2022 ya ƙidaya iri 1,264 na gizo-gizo da kunamu da danginsu da a ke cinikinsu, mafi yawa ba wata doka ta duniya da ta ambace su. Ƙasashe da dama kuma suna da tasu dokar ta hana fitar da namun dajinsu. A watan Nuwamba na 2024, a filin jirgin saman Lima na ƙasar Peru, masu tsaro suka ga cikin wani saurayi mutumin Koriya ta Kudu ya kumbura fiye da kima. Da aka ɗaga rigarsa sai ga tarantula 320 a ƙananan ledoji da mazubai ɗaure a jikinsa, 285 daga ciki ƙanana, da shanshani 110, da manyan cinnaku 9. Aka kama shi nan take.

Masu reno daga ƙwai suna da hujja a nan, kuma hujjar tana da ƙarfi. Curi guda na irin Barazil ɗin can ya isa ya wadata masu sha'awa na gari guda, shi ya sa ɗansa ya yi araha har a kan ba da shi gyara a kan ciniki, ba kuwa mai asarar kuɗin jirgi ya je ya tono shi a daji. Gwamnatin Meksiko ta ba waɗansu gidajen kiwo izni su hayayyafa nasu su fitar da 'ya'yan da takarda. Amma hujjar tana da iyaka, gama duk sabon irin da aka gano, iyayen farko daga daji a ke ɗauko su, sau da yawa ba da sanin hukumar ƙasar ba, kuma ɗan kwalbar Kolon da ɗan gidan kiwo ba su da bambanci a ido. Saboda haka mai saye mai tsoron shubuha ya kan tambayi mai sayarwa ranar da curin ya fashe da wanda ya haɗa iyayen, ya nemi takarda in irin na cikin jerin ne. In ciniki ya faɗa, a kan shimfiɗa takarda mai laushi da 'yar laima a cikin kwalba, a kora ɗan gizon ciki da gashin burushi, a toshe, a sa a akwati mai riƙe ɗumi, in lokacin sanyi ne a haɗa da ɗan ƙunshin da ke ba da zafi na kwana ɗaya ko biyu. Masu sayarwa da yawa ba su aikawa ranar Alhamis ko Jumma'a, don kada kayan su kwana biyu a ɗakin ajiya na gidan waya.